Agogon zamani mai araha: abin dubawa kafin ka biya da bayan kaya sun iso

Gyaran waya da ƙananan na'urori ne sana'ata, don haka kayan da mutane ke yo oda daga AliExpress da Temu da Amazon kan biyo ta teburina in sun fara ba da matsala. Na kwance cikinsu da dama. Ba na cikin masu cewa duk kayan araha tarkace ne. Agogon da ke hannuna ma na araha ne, kuma yana yi mini aikin da na saye shi dominsa. Sai dai akwai tambayar da nake yi wa kaina kafin in biya: in abin nan ya lalace, ko ya yi mini ƙarya, me zan rasa? In kuɗinsa ne kawai, bismillah. In kuwa hotunana ne, ko wayata, ko lafiyata, ko ɗakin da nake kwana, to sai in dakata.

Mu fara da agogon, tunda a kansa aka fi tambayata. Yawancin marasa sunan nan daga masana'antun Shenzhen suke fitowa, a kudancin China, kuma ƙwaƙwalwar da ke cikinsu ta kamfanoni 'yan kaɗan ce, irin su Realtek da Jieli da Actions. Dillali ya saro, ya buga sunan da ya ga dama, ya liƙa masa "Ultra" ko "Pro Max" a ƙarshe. Shi ya sa za ka ga agogo guda da sunaye barkatai. Sunan kan kwali ba ya nuna komai, manhajar da ke haɗa agogon da waya ita ce shaidarsa. Nemo sunanta a bayanin kayan: Da Fit ce, ko FitPro, ko GloryFit, ko Wearfit Pro? Je Play Store ko App Store ka dubo ta tun ba ka biya ba. Yaushe rabon da a sabunta ta? Da me masu amfani da ita ke kuka? In suna ta cewa Bluetooth na yankewa, kai ma haka zai yi maka. In kuma babu ta a can, sai dai a ce ka sauko da ita daga wani shafin da ba ka sani ba, ka haƙura da agogon komai kyansa. Kafin agogo ya nuna maka saƙonni, dole ka ba manhajarsa izinin ganin sanarwar da ke shigowa wayarka, har da ta banki. Wannan ba izinin da ake ba wa kowa ba ne.

Akwai abin da agogon araha ya iya. Zai nuna lokaci, ya tashe ka da girgiza, ya sanar da kai kira da saƙo, ya ƙidaya takunka daidai gwargwado, batirinsa kuma ya yi kwanaki saboda ba ya ɗauke da manhajoji masu nauyi. Wasu har amsa kira ake yi da su. Wani ɗan abu da ba za a rubuta maka a talla ba: wasunsu ba su san haruffa masu lanƙwasa ba, sai ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma 'yan akwatuna a cikin saƙo.

Inda gizo ke saƙar shi ne awon lafiya. Juya agogon ka ga koren hasken da ke walƙiya a bayansa. Jini yana shanye koren haske, duk bugun zuciya kuma yana ƙara yawan jinin da ke ƙarƙashin fata, sai na'urar ta karanta sauyin hasken da ke dawowa ta lissafa bugun. Dabara ce ta gaskiya, manyan kamfanoni ma da ita suke aiki. Amma na buɗe agogunan da fitilar kawai ke ciki, babu idon da ke karanta hasken, lambar da ke fitowa kuma ƙirƙirarta ake yi. Ga yadda za ka gane naka. Zauna ka huta, ka ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannunka, ka ƙirga bugun na daƙiƙa 30, ka ninka biyu, ka kwatanta da na agogon. Sai ka tashi ka hau bene da sauri ko ka yi gudu a wuri ɗaya har numfashinka ya ɗaga. Na gaskiya zai haura sosai, sannan ya riƙa sauka a hankali. Wanda ya tsaya yana lilo tsakanin 70 da 80, ko kana zaune ko kana haki, ba awo yake yi ba. Mutane na son gwajin ɗora agogo a kan tebur a ga ko zai ba tebur bugun zuciya. Yana taimakawa, amma kar ka yanke hukunci da shi kaɗai, domin na'ura ta gaskiya ma takan ruɗe a kan abu mai sheƙi.

Awon iskar oksijin a jini kuwa da jan haske ake yin sa, haɗe da wani hasken da ido ba ya gani. Kunna awon ka leƙa bayan agogon. In koren nan ne dai ke ci, 98 ɗin da yake nuna maka ado ne. Ko na'urorin asibiti da ake maƙalawa a yatsa, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2021 cewa launin fata na iya shafar ingancin awonsu, balle agogon da ba wanda ya tantance shi.

Hawan jini da suga su ne nake ɗaga murya a kansu, don na ga masu ciwon suna saya saboda su. Agogon Samsung mai auna hawan jini sai an daidaita shi da na'urar ɗaura wa dantse duk mako huɗu. Huawei Watch D kuwa wata 'yar jakar iska aka sa a maɗaurinsa, tana kumbura ta matse hannu. Dubi irin wahalar da manya suka sha, sannan ka tambayi kanka yadda agogo marar suna zai yi aikin da fitila guda. Zai riƙa ba ka kusa da 120 bisa 80 kullum, ka kwantar da hankali alhali jinin na sama. Na suga ya fi muni. A ranar 21 ga Fabrairun 2024 FDA ta fitar da sanarwa cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke da'awar auna suga ba tare da huda fata ba, ta kuma ce dogaro da su na iya sa mutum ya yi kuskuren adadin magani ko allurar insulin. Duk tallan da ya yi wannan da'awar, ni ban ƙara yarda da sauran abin da ya faɗa ba.

Sauran abubuwan ba su da wuyar ganewa. In an ce fuskarsa AMOLED ce, kashe fitilar ɗaki ka duba wurin da yake baƙi: na gaskiya baƙi ƙirin ne, LCD kuwa zai yi ɗan haske toka-toka. Hotunan talla da baƙin bango ake yin su don a ɓoye kaurin gefen fuskar, saboda haka hoton masu saye za ka nema. "GPS" a yawancinsu na wayarka ne yake arowa, ka bar wayar a gida ba zai san inda ka bi ba. IP67 na nufin ya jure zurfin mita 1 na minti 30 a ruwa mai tsabta wanda ba ya motsi, IP68 ya ɗan zarce haka gwargwadon abin da mai ƙera shi ya faɗa. Mai son iyo, agogon da aka rubuta wa ma'aunin jure ruwa na 5ATM zai nema. Sabulu da ruwan zafi suna cin robar da ke toshe kafofin, don haka cire shi kafin wanka ko me aka rubuta.

Shawarata ga wanda awon bugun zuciya da barci suka dama: ƙaramin abin hannu na Xiaomi ko Huawei ko Amazfit ya fi ƙaton agogo marar suna mai kwaikwayon Apple Watch. Ka dai tabbatar samfurin kasuwar duniya ne, ba wanda aka yi don cikin China ba, don harshe da wasu ayyuka kan bambanta.

A shafin tallan, fara da sharhin masu tauraro ɗaya zuwa uku, musamman masu hoto da waɗanda suka dawo bayan wata biyu suka ƙara bayani. Mai tauraro biyar sau da yawa ranar da kaya suka iso ya rubuta, kwalin kawai ya gani. Lura ko sharhin a kan kayan nan yake magana, don wasu dillalai kan sauya hajar shafi su bar tsohon yabo. Duba kuma zaɓin da ka danna, domin farashin da ya jawo ka yana iya zama na maɗauri kaɗai ko na gilashin kariya. Kuma kar ka yarda a ja ka waje ka biya, kariyarka a cikin dandalin take.

Murfin waya, maɗaurin agogo, mariƙin waya na mota, ƙaramar fitilar USB, iyafis na jin karatu a hanya, duk waɗannan saye su da araha ba komai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Katin memori da filash kuwa wata magana ce. Ana ɗaukar ƙaramin kati a sauya masa bayani ya riƙa gaya wa kwamfuta cewa shi 1TB ne ko 2TB. Zai karɓi fayiloli lafiya lau, sunayensu na nan a jere, amma da ainihin cikinsa ya cika sai sabo ya hau kan tsoho ko ya tafi a banza. Ba za ka sani ba sai ranar da ka buɗe hotunan suka ƙi. Kafin ka ɗora masa komai, gwada shi da manhajar H2testw a Windows ko F3 a Linux da Mac. Suna cika shi taf su sake karantawa, yana ɗaukar sa'o'i, ka bar shi ya gama.

Fawa bank mai 10,000mAh yana ɗauke da kimanin 37Wh, abin da ke isa waya kuma wajen 6,000mAh ne ko sama kaɗan, saboda asarar da ake yi wurin ɗaga ƙarfin wutar. Wannan ba zamba ba ce, kamfanonin kirki ma suna rubuta shi a jiki. Zamba ita ce ɗan ƙarami marar nauyi da aka rubuta wa 50,000. Na gaskiya mai 10,000 yana kai giram 200 ko kusa da haka. Nauyin ma ba hujja ba ne, don na taɓa buɗe wanda aka cusa wa ƙullin yashi a gefen batir. Haka batirin tocila samfurin 18650: mai kyau a cikinsu wajen 3,500mAh yake ɗauka, mai 9,900 ƙarya ce tsagwaronta.

Kan caja shi ne abin da ba na sassautawa. A cikinsa tazarar 'yan milimita ce ke raba wutar bango da wutar da ke shiga wayarka, kuma nan masu jabu ke rage kuɗi. A 2016 kamfanin gwaji na UL ya gwada cajojin Apple na jabu guda 400, uku kacal suka tsallake gwajin kariya daga jan wuta. In waya na caji ka ga fuskarta tana taɓa kanta, ko cajar na ƙara, ko ta yi zafin da ba ka iya riƙewa, ko ka ji tsir-tsir a jikin ƙarfen wayar, cire ta ka jefar. Tambarin CE, alamar cika ƙa'idar Tarayyar Turai, kar ya ruɗe ka, a irin waɗannan kaya mai ƙerawa ne da kansa ke shaidar cewa ya cika ƙa'ida, kuma kowa na iya buga shi. Masu suna ma suna kuskure: a Yunin 2025 Anker ya janye fawa bank samfurin PowerCore 10000 sama da miliyan ɗaya a Amurka saboda haɗarin gobara. Bambancin shi ne an san wanda za a kama, an kuma sanar da masu saye. Marar suna ba mai kiran ka. Akwatunan talabijin na Android masu alƙawarin tashoshi kyauta ma a yi hattara, don a Yunin 2025 ɗin dai FBI ta yi gargaɗi kan BadBox 2.0, manhajar ɓarna da ke zuwa a cikin wasunsu tun daga masana'anta. Shiga saitin Play Store ka ga ko Play Protect, tsarin tsaro na Google, ya tantance na'urar.

Ranar da kaya suka iso, kunna kyamara kafin ka yage leda. Nuna takardar adireshi, ka buɗe, ka kunna na'urar, duk a bidiyo ɗaya ba yankewa. Kar ka danna cewa ka karɓa lafiya sai ka gama gwaji, kuma ka yi gwajin a kwanakin farko, don wa'adin ƙorafi yana ƙarewa, ranarsa na rubuce a shafin odarka. Caja agogon ya cika, ka kunna duk abin da za ka riƙa amfani da shi, ka ga kwana nawa zai kai. In akwai matsala, shigar da ƙorafi ta cikin dandalin, ka faɗi abu guda takamaimai, kamar "an ce 1TB, gwaji ya nuna 32GB", ka haɗa da hoton sakamakon. Dillali zai iya roƙonka ka janye ƙorafin, wai zai turo wani ko ya maido kuɗi daga baya. Bar shi a buɗe har kuɗin su shigo, domin a wasu dandalin in ka rufe ba ka da damar sake buɗewa.