Darasi na 7: Idan taimin ya goce, me ya sa babur ke zafi?

To jama'a, yau za mu leƙa kan inji. Akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙusumbi da ake kira kamshaf, ko kam a taƙaice, shi ke danna bawul biyu, ɗaya ya shigo da mai da iska ɗaya ya fitar da hayaƙi. Taimin shi ne buɗewa da rufewar bawul ɗin nan a daidai lokacinsu. Sarƙar taimin ce ta haɗa kam da kiranshaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji, kuma duk juyi 2 na kiranshaf shi juyi 1 yake yi. Haka lissafin yake a injin fo-sitirok.

Yanzu a ce sufuroket ɗin kam, wato faifai mai haƙora da sarƙa ke hawa, haƙori 28 gare shi, sarƙa ta tsallake haƙori ɗaya tak. Kusan digiri 13 kenan a kam, wajen 26 a kiranshaf. Babur ɗin zai tashi fa, shi ya sa mutane ke ruɗewa.

In kam ya yi gaba, bawul ɗin hayaƙi zai buɗe wuta ba ta gama ci ba, sai ta bi ta salansa, ka ga wuyan salansa ya koma shuɗi, da dare ma har ja yake yi, bawul na ta gasuwa, wani lokaci ka ji ƙwal-ƙwal a hawa. In kuma baya ya yi, ƙarfin babur sai ya mutu murus, kana murɗa totur yana nishi, kai kuma ka ƙara murɗawa a ƙaramin giya, to injin da iska ke sanyaya shi ina zai huce? Nan ne wasu ke ɗora wa kafireta laifi, a yi ta wanke ta a banza.

Dubawa ba wuya. Bari inji ya huce sarai, cire fulogi, buɗe murfin maganeto da na kam. Juya maganeto a hankali har alamar T da ke jikinsa, mai nuna fistin ya kai ƙarshen sama, ta zo daidai da tsagar jikin inji. T fa, ba F ba, F ta wuta ce. Taɓa rokoki biyun, wato ƙarafan da ke tsakanin kam da bawul, in duk suna ɗan motsi ka zo daidai, in sun ƙame ƙara juyi ɗaya. Sai ka kalli alamar sufuroket, dole ta yi ido huɗu da ta kan inji.

In ba su haɗu ba kar ka sake buga kik, haƙori biyu ko uku na iya sa fistin ya doki bawul ya lanƙwasa shi. A gyara, a kuma duba tanshina, wato abin da ke ɗame sarƙa, da ita sarƙar, don in ta saki za ta sake tsallakewa.

Aikin gida: nemo T da F a maganeton babur ɗinka, ka zana su a littafi.