Yadda iyaye za su nemi a gyara wuraren renon yara a unguwa

Ƙorafi a bakin famfo ko a gidan suna ba ya gyara jardan, wato wurin renon ƙananan yara. A fara da haɗa kwamiti na mutum biyar zuwa bakwai: uwaye, uba ɗaya ko biyu, da wata dattijuwa da ake jin maganarta. A sanar da mai unguwa tun ranar farko, don idan ya ji labari a bakin wani, tafiyar za ta yi nauyi.

Sai a je a gani da ido, da izinin mai wurin, da misalin ƙarfe 11 lokacin da rana ta take, yara sun gaji. A ƙirga yara, a ƙirga masu kula da su. Mace ɗaya ba ta iya riƙe jarirai fiye da uku ko huɗu, kome ƙwazonta. A leƙa randa: da murfi? Moɗa ɗaya kowa ke tsomawa? Akwai sabulu a bakin makewayi, kuma ramin bai yi wa ƙafar ɗan shekara uku faɗi ba?

A tsaya sosai kan ginin. Maradi ba ta manta gobarar Nuwamba 2021 ba, wadda ta ci yara sama da 20 a azuzuwan zana, har gwamnati ta hana sa 'yan jardan cikin irin waɗannan rumfuna. Inda aka tarar da zana, ko murhun mai tuya jingine da aji, ko ƙofa ɗaya tak da ake kullewa, wannan shi ne na farko a takardar buƙatu, sauran su biyo baya.

Buƙata kada ta wuce uku. Kowace a rubuta kuɗinta, da wanda zai yi, da ranar gamawa. "A kyautata tsabta" ba buƙata ba ce. "Bido biyu na lita 25 da sabulu kafin ƙarshen wata" ita ce buƙata. A lakwal ɗin gwamnati, a bi ta kwamitin kula da lakwal, wato COGES, da ƙungiyar uwaye ta AME. Abin da ya fi ƙarfinsu, kamar gini, a kai wa hukumar da'irar da unguwar take. A yi kofi biyu, a sa a buga hatimi a kan wanda za a riƙe.

A roƙi ma'aikatan CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, su riƙa zuwa duba katin rigakafi da awon damtse: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, a kai yaro asibiti a ranar.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗora laifi kan mai reno a gaban jama'a. Sau da yawa ita ma wata biyu take bi ba a biya ta ba. Ku jawo ta cikin kwamitinku, ita ta san inda ke yoyo. Bayan kwana 30 a koma da takardar nan, a daidai wancan lokaci, a sake ƙirgawa.