Kafin ka buga sunan shahararren matuƙin jirgi a ledar kayanka

Mai gidan ruwan leda, ko mai burodi, ko mai kamfanin tikiti da jigilar alhazai a Bauchi, yakan so sunan da zai kama bakin mutane, sai ya ɗauko na wani kyaftin da ya yi fice ya kai wa mai buga leda. A ganinsa karramawa ce. A wurin lauya kuwa cin riba ne da sunan da wani ya shekara talatin yana ginawa, kuma ana biyan diyya a kansa.

Chuck Yeager, Ba'amurken da ya fara wuce saurin sauti da jirgin Bell X-1 a ranar 14 ga Oktoba 1947, ya kai kamfanin waya na Cingular, wanda ya koma AT&T, ƙara saboda wata sanarwar talla ta 2006. Ba su sa hotonsa ba, ba su ce yana amfani da layinsu ba, bajintarsa kawai suka ambata suka jingina kayansu da ita. A 2012 kotu a Kalifoniya ta ce a biya shi dala 135,000. A wannan jihar haƙƙin suna yana bin magada har shekara 70 bayan rasuwar mai shi.

Najeriya ba ta da doka guda da aka keɓe wa wannan haƙƙi, shi ya sa wasu ke ɗauka fili ne babu shinge. Amma akwai ƙofofin kai ƙara da dama. Babbar cikinsu ita ce ƙarar sojan gona a kasuwanci: mai ƙara ya nuna sunansa yana da daraja, an sa jama'a sun zaci da hannunsa a kayan, kuma hakan ya cutar da shi ko zai cutar. Ga sashe na 37 na tsarin mulki kan sirrin mutum, ga dokar kare bayanan mutane ta 2023. Hoto kuma magana biyu ne, domin fuskar ta matuƙin ce amma haƙƙin mallakar hoton galibi na wanda ya ɗauka ne. Sauke shi daga Facebook bai ba ka ko ɗaya ba.

Abin da za ka fara yi shi ne neman izini a rubuce, tun kafin ka biya kafin alƙalami a wurin mai buga leda. "Ai mun gaisa a ɗaurin aure ya ce babu komai" ba hujja ba ce. Takardar ta fayyace wane kaya ne, suna kaɗai ko har da hoto da sa hannu, a waɗanne jihohi, shekara nawa, kuɗi dunƙule ne ko kaso a kan ciniki. A sa sharaɗin cewa sai ya ga samfurin leda da kalaman talla ya amince. A kuma rubuta yadda za a yi da sauran ledar da ke sito idan wa'adi ya ƙare, wata uku ne ko shida za a ba ka ka sayar. Nan ne rigima ta fi tashi, don ana buga leda da yawa a lokaci guda saboda sauƙin farashi, sai yarjejeniya ta ƙare kana da ɗaki guda na kayan da ba ka da ikon fitarwa.

Idan mai sunan ya rasu, kada ka tsaya kan amincewar ɗa guda. Nemi wanda ke riƙe da takardar wakilcin magada daga kotu, shi zai sa hannu. Idan kuwa hafsan sojan sama ne da ke bakin aiki, ka bar kaki da tambarin rundunar, ba nasa ba ne balle ya ba ka.

Mutane da yawa suna ruɗuwa da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Rajistar sunan kasuwanci ce kawai, ba ta mallaka maka tambari, ba ta wanke ka daga ƙarar mai suna. Tambari a ofishin rajistar alamun kasuwanci ake yinsa, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya a Abuja. Ana fara bincike ko wani ya riga ka, a shigar da buƙata, a karɓi takardar amincewa, a wallafa a mujallar ofishin, sannan a jira wata 2 ko wani zai yi jayayya. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14 duk zagaye. Magatakarda na iya neman shaidar izinin wanda sunansa ko hotonsa ke jikin tambarin.

A rajistar tambari an raba kaya da ayyuka rukuni 45, kuma kowanne da kuɗinsa. Ruwan sha yana 32, burodi 30, tufafi 25, sufuri da tafiye-tafiye 39, makarantar horo 41. Wanda ya yi rajista a 39 bai rufe ƙofar 32 ba.

Shi ma matuƙin da ke son kare sunansa wannan hanyar zai bi, da gyara ɗaya: suna tsurarsa yana da wuyar shiga rajista, ya fi sauƙi idan sa hannunsa ne ko an zana sunan da wata siffa ta daban. Kuma ya yi amfani da shi, domin tambarin da aka ajiye shekara 5 ba a taɓa ba ana iya neman a soke shi. In ya ga sunansa a allon wani shago a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, ya ɗauki hoto mai kwanan wata, ya sayi kayan ya riƙe rasit, sannan lauyansa ya aika takardar gargaɗi da wa'adi. In an yi kunnen ƙashi, ƙarar tambari Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, akwai ta a Bauchi akwai a Gombe, kuma abin da ake fara roƙo shi ne umarnin dakatar da sayar da kayan kafin a kai ga lissafin diyya.