Yadda mai kiwo a Legas zai shirya wa karɓar diyya idan annoba ta faɗa wa dabbobinsa

Da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a 2006, gwamnatin tarayya ta fara biyan naira 250 kan kowace kaza. Amma kazar da jami'ai suka ƙirga suka kashe da hannunsu ake biya. Wadda ta riga ta mutu ka binne a bayan akurki, kai da Allah. Wannan shi ne abin da 'yan'uwanmu masu kiwo a Ikorodu da Epe da Badagry suka fi yin sake da shi.

Fara da takardu tun dabbobinka na lafiya. Danna *346# ka ga lambar NIN ɗinka ta ɗan ƙasa, *565*0# kuma ta BVN ta banki, sannan ka duba ko sunan iri ɗaya ne. Na san wani dattijo mai kajin ƙwai da ke Muhammadu a katin ɗan ƙasa, Mamman a banki. Wata uku yana zirga-zirgar gyara. Ka yi katin LASRRA na mazauna Legas, domin shi ke nuna nan kake zaune, ba ɗan ci-rani ba ne.

Sai ka shiga ƙungiya. Mai kaji ya nemi reshen ƙungiyar masu kiwon kaji ta PAN, mai shanu da tumaki ya bi ta shugabannin kara, irin na Abbatuwa da ke Oko-Oba a Agege. Idan gwamnati za ta tattara sunaye, ƙofar shugabanni take fara ƙwanƙwasawa.

Sayi littafi ɗan ƙarami. Rubuta ranar da ka sayo 'yan tsaki, guda nawa, daga ina, da ranar rigakafi. Rasit ɗin abinci ma kada ka ƙunshe ƙosai da shi.

Ranar da ka wayi gari ka ga kaji goma a kwance, zankonsu ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, a nan ake gane mai haƙuri. Zuciya za ta ce ka kwashe sauran ka kai kasuwa kafin su bi sahu. Kada ka yi. Rufe gonar, hana shiga da fita, ɗauki hoto da bidiyo a wayarka, ka sanar da likitan dabbobi na gwamnati a ranar. Sashensu yana ƙarƙashin ma'aikatar gona ta jiha da ke Alausa a Ikeja. Idan sun zo ƙirga, tsaya a kansu, ka karanta adadin kafin ka sa hannu, ka ɗauki hoton takardar.

Kuɗin kan daɗe bai fito ba, sai ka riƙa leƙa ƙungiya. Wanda kuwa ya kira ka a waya ya ce ka turo "kuɗin fom", ko ka karanto masa lambar da banki ya aiko maka, ɗan damfara ne. Kashe wayar, ka gaya wa shugaban ƙungiyarku.