Yadda ake haɗa ɗan ƙaramin gidan tarihin kiwon zuma da kwali da kara

Yaranmu na cikin garin Kaduna sun san zuma a kwalba, amma akasarinsu ba su taɓa ganin amya ba. Abin ya daɗe yana damuna, shi ya sa na zauna da ƙannena muka haɗa ɗan gidan tarihi wanda faranti ɗaya zai ɗauka.

Da farko ka leƙa gidan tarihi na titin Ali Akilu ko Arewa House, ka lura da tsayin ƙofa da yadda aka bar hanya tsakanin kayayyaki. Sai ka tsayar da ma'auni ɗaya, kada ka sauka daga kansa. Ni na fi son kowace mita ta zama santimita 5. Ɗaki mai mita 6 da 4 zai koma santimita 30 da 20, ƙofa mai mita 2 ta zama 10. Yanka bango daga kwali mai kauri da sabuwar reza, ka manna da gam, ka bar rufin a sake don a riƙa ɗagawa.

Aikin gaske yana wajen amya, kuma uku za ka yi.

Ta farko ta mutanen Masar ce. Zanen da ke jikin wani wurin bauta na sarki Niyusere, wajen shekara 2400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya nuna masu ɗibar zuma a gaban amya. Mulmula yumɓu kamar ɗan bututu, guda shida, ka jera su kan juna. A inuwa za su bushe. Namu na farko rana muka kai su da hunturu, kafin la'asar duk sun tsattsage.

Ta biyu tamu ce, kuma ita za ka fi ba lokaci. Naɗe siraran ciyawa a jikin fensir, ka ɗaure da zare wuri uku, tsawon santimita 5. Zare fensirin, ka shafe ta da ɗan laka a madadin kashin shanu, ka toshe baki ka bar 'yar kafa da tsinin allura. Saƙala ta a cokalin wani ɗan reshe, kamar yadda ake ɗora ta a kan ɗorawa ko kaɗanya.

Ta uku akwatin Langstroth ne, Ba'amurken da ya yi wa ƙirarsa rajista a 1852. Ya lura cewa ƙudan zuma ba sa cike tazarar da ta kai kimanin milimita 6 zuwa 9, don haka ana iya zaro saƙa ba tare da an rusa gidan ba. Feƙe karan dawa, irin na motar kara, ka yi akwatin da allunansa masu zaruwa.

A saman ƙofa mun rubuta aya ta 68 ta Suratun Nahli. Ƙarƙashin kowace amya kuma sai 'yar takarda mai sunan ƙasa da zamani, da baƙin biro don a iya karantawa daga tsaye.