Yadda ake gano mai ɗaukar alhaki idan tasi marar direba ta karya dokar hanya

Kwanakin baya a wata tashar mota a Garwa, wani dattijon direba da ya daɗe yana jigila tsakanin Garwa da Marwa ya kalli bidiyon wata tasi tana tafiya a titin Amurka, sitiyari yana juyawa babu kowa a kujerar direba, sai ya ce mini: "Malam, idan wannan ta tsallake jar danja, wa jandarma zai ce ya kawo takardu?" Tambayar ta fi ƙarfin raha, domin ita ce take wahalar da majalisun dokoki na ƙasashe da dama. Irin wannan tasi ba ta iso Garwa ko Kusuri ko Njamena ba, amma 'yan kasuwarmu da ɗalibanmu suna zuwa garuruwan da take aiki, kamar Guwanzu da Wuhan a ƙasar Sin, da Abu Dabi, da San Faransisko da Finiks a Amurka. Saboda haka ya dace mutum ya san yadda ake bin sawun laifin irin wannan mota har a kai ga wani mai suna da adireshi wanda za a iya kira gaban hukuma.

Abin da za a fara tantancewa shi ne ko motar tana tuƙa kanta ne da gaske, ko kuwa tana taimaka wa direba ne kawai. Masana sun kasa motoci mataki shida, daga 0 zuwa 5. A mataki na 2 motar tana iya riƙe layi, ta taka burki, ta daidaita gudu, amma doka tana kallon mutumin da ke bayan sitiyari a matsayin direba cikakke, kuma duk abin da ya faru a wuyansa yake. Tasin da muke magana a kansu, irin na Waymo a Amurka da Apollo Go na kamfanin Baidu a Sin, suna mataki na 4, wato suna tafiya babu direba a cikin yankin da aka shata musu. Wannan bambanci ya shafe mu kai tsaye, domin motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Duwala za su riƙa zuwa da na'urorin mataki na 2 tun kafin mu ga tasi marar direba, kuma wanda ya buge ɗan kalando, wato mai babur ɗin haya, da irin wannan mota ba shi da hujjar cewa na'ura ce ta yi.

Idan an tabbatar motar ce take tuƙa kanta, sai a duba ko akwai wani ma'aikaci a ciki da aka ɗora wa sa ido. A nan akwai darasi mai ɗaci. Ranar 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, wata motar gwaji ta kamfanin Uber ta buge wata mata da ke tura kekenta tana tsallaka titi da dare, matar ta rasu. Binciken hukuma ya nuna cewa na'urar ta hango matar daƙiƙoƙi kafin bugun amma ta kasa gane ko mece ce, kuma ma'aikaciyar da ke zaune a kujerar direba hankalinta yana kan wayarta. Masu gabatar da ƙara ba su tuhumi kamfanin da laifi ba. Ma'aikaciyar aka gurfanar, kuma a 2023 aka yanke mata shekara uku ƙarƙashin sa idon hukuma. Ni a ganina wannan hukunci ya bar baya da ƙura, domin ƙaramar ma'aikaciya ce ta ɗauki nauyin duka, alhali waɗanda suka tsara na'urar suka kuma sake ta a kan titi ba su tsaya gaban alƙalin laifi ba. Duk ɗanmu da zai karɓi irin wannan aiki na zama cikin motar gwaji a ƙasar waje, ya karanta kwantiraginsa da kyau, ya san cewa kujerar da yake kai kujerar direba ce a idon doka.

Daga nan sai a raba laifin gida uku, domin kowanne da ƙofar da ake bi. Akwai laifin ajiye mota inda aka hana, akwai laifin da aka aikata ana cikin tafiya, kamar tsallake danja ko shiga hannun da ba naka ba, akwai kuma haɗarin da ya jawo rauni ko asarar rai ko dukiya. Na farkon ba shi da wuya, tun da takardar tara lambar mota take bi, mai motar kuma sananne ne. A shekarar 2024 kaɗai birnin San Faransisko ya rubuta wa motocin Waymo takardun tarar ajiya 589, na kuɗi sama da dala dubu 65.

Na biyun ne mai sarƙaƙiya, domin dokokin hanya na duniya an gina su ne a kan cewa akwai mutum a sitiyari. Yarjejeniyar Biyana ta 1968, wadda ƙasashe suka ƙulla kan dokokin hanya, ta faɗa ƙarara cewa kowace mota mai tafiya dole ta kasance da direba, kuma sai a 2022 gyaran da ya ba na'ura damar cike wannan gurbi ya fara aiki. A watan Satumba na 2025 'yan sandan garin San Bruno a jihar Kalifoniya sun tsayar da wata Waymo da ta yi juyin da aka haramta a gabansu, motar ta tsaya yadda ya kamata, amma suka rasa wanda za su rubuta wa takarda, domin littafinsu na tara ba shi da gurbin na'ura. Abin da suka iya yi kawai shi ne sanar da kamfanin. Jihar ta riga ta yi doka a 2024, mai lamba AB 1777, wadda ta sa ranar 1 ga Yuli 2026 ta zama ranar da ɗan sanda zai fara iya rubuta wa kamfanin takardar sanarwar saɓa doka, kuma ta wajabta wa kamfanoni su tanadi layin waya na gaggawa da hanyar da jami'i zai yi magana da wani mutum ta jikin motar. Jihar Teksas kuwa a dokarta ta 2017 ta yanke magana cewa mai mallakar na'urar tuƙin shi ne direba a idon dokar hanya, ko yana cikin motar ko ba ya ciki.

Saboda haka mataki na gaba shi ne a tambayi wace ƙasa ko jiha ake ciki, domin amsar tana sauyawa da ƙetare iyaka. Faransa, wadda dokokinmu na Kamaru da Cadi suka gaji abubuwa da yawa daga nata, ta fitar da doka a watan Afrilu na 2021 cewa muddin na'ura ce take riƙe da tuƙi bisa ƙa'idar da aka tsara mata, kamfanin da ya ƙera motar ne yake amsa laifin kisa ko rauni ba da gangan ba idan an tabbatar da kuskure daga gare shi, kuma shi yake biyan tarar hanya. Jamus a 2021 ta wajabta a samu wani mutum mai sa ido daga nesa wanda zai iya tsayar da motar. Birtaniya ta yi dokarta a 2024, ta ce dole kowace mota mai tuƙa kanta ta kasance tana da kamfani mai izini wanda zai amsa tambaya a kan tuƙinta, ta kuma kare wanda ke cikin motar daga tuhumar yadda na'urar ta yi tuƙi. Birnin Shenzen na ƙasar Sin tun watan Agusta na 2022 ya ɗora alhakin motar da babu direba a kan mai ita ko mai tafiyar da ita. Fasinjan da ya biya kuɗinsa ya zauna a baya ba shi ne direba ba a waɗannan dokoki, amma abin da ya aikata da hannunsa, kamar ƙin ɗaura bel ko taɓa sitiyari ko buɗe ƙofa ana tafiya, nasa ne.

Wannan tunani na bin sawun mai abu ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa zama a zauren lawani ko ɗan majalisar lamiɗo lokacin da ake sasanta manomi da makiyayi ya san ba a yi wa saniya shari'a idan ta shiga gona, ana neman mai ita ne ko wanda aka ba kiwonta. Hadisin raƙumar Bara'u ɗan Azib da ta yi ɓarna a gonar wani ya raba nauyin a fili, masu gonaki su tsare gonakinsu da rana, masu dabbobi kuma su biya abin da dabbobinsu suka ɓata da dare. Dokar farar hula da muka gada ma, a sashe na 1384, tana cewa mutum yana ɗaukar alhakin ɓarnar abin da ke ƙarƙashin kulawarsa. Kuma kundin laifuffuka na Kamaru na 2016 ya amince a tuhumi kamfani da laifi kamar yadda ake tuhumar mutum. Ke nan ginshiƙan suna nan, abin da ya rage shi ne dokar hanya ta ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, wadda aka yi a 2001 da direba mai lasin a zuciya, ta faɗi wanda za a rubuta wa takarda idan kujerar gaba babu kowa.

Yanzu ga abin da mutum zai yi da hannunsa idan abin ya rutsa da shi, ko yana fasinja, ko yana tafiya a ƙasa, ko yana tuƙa tasa motar. Ya fara kiran 'yan sanda da masu agajin gaggawa, kada ya yarda maganar ta ƙare tsakaninsa da muryar da za ta yi masa magana daga cikin motar, domin mai wannan murya ma'aikacin kamfani ne. Ya ɗauki hoton lambar motar da sunan kamfanin da duk wata lamba da aka rubuta a jikinta, da danjar ko alamar da aka saɓa, da yadda motocin suka tsaya kafin a matsar da su. Ya rubuta lokacin da abin ya faru har da minti, domin da lokaci ake nemo bayanan na'ura. Idan fasinja ne, ya ɗauki hoton shafin tafiyar a manhajar wayarsa, ya adana rasit. Ya karɓi lambobin wayar shaidu, ya je asibiti ko da yana jin lafiyarsa ƙalau, ya kuma karɓi kwafin rahoton 'yan sanda kafin ya bar ƙasar, saboda ɗan kasuwar da ya dawo Kusuri zai sha wuya kafin ya samo takarda daga ofishin da ke wata nahiya.

Mafi muhimmanci a cikin duka shi ne shaidar da ke cikin motar. Tasi marar direba tana ɗauke da kyamarori da na'urorin auna tazara da ke naɗar kusan komai, amma wannan naɗi a hannun wanda ake zargi yake. Ranar 2 ga Oktoba 2023 a San Faransisko, wata mota mai direba ta buge wata mata ta jefa ta gaban tasin kamfanin Cruise, tasin ta taka ta, ta tsaya, sannan ta sake motsawa don ta sauka gefen titi, ta ja matar a ƙarƙashinta kimanin mita 6. Rahoton farko da kamfanin ya ba hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya bai ambaci wannan jan ba. Ranar 24 ga watan hukumar motoci ta jihar Kalifoniya ta dakatar da izinin kamfanin, daga baya ya biya tarar dala miliyan 1.5 da wata ta laifi ta dala dubu 500 saboda rahoton ƙarya, kuma a Disamba 2024 kamfanin General Motors, mai mallakar Cruise, ya daina zuba kuɗi a harkar tasin. Don haka wanda abin ya shafa ya nemi lauya tun a kwanakin farko, lauyan ya aika wa kamfanin takarda a rubuce cewa ya adana bidiyo da bayanan tafiyar gaba ɗaya, daga kafin haɗarin har bayansa, kuma kada ya sa hannu a wata takardar sasantawa ko ya karɓi kuɗi kafin lauyan ya karanta ta.

Maganar diyya ta fi sauƙi kaɗan, domin ƙofar farko ita ce inshorar motar. Birtaniya tun 2018 ta tsara cewa kamfanin inshora ya fara biyan wanda ya ji rauni, sannan shi ya bi wanda ya ƙera motar ya karɓi kuɗinsa. Mu ma dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar inshora ta wasu ƙasashen Afirka, wadda yarjejeniyarta aka sa wa hannu a Yawunde a 1992 kuma Kamaru da Cadi suke ciki, ta wajabta inshora a kan kowace mota, ta kuma tanadi a biya mai tafiya a ƙasa da fasinja diyyar raunin jikinsu ba tare da an kafa musu hujja da nasu kuskuren ba, sai idan da gangan suka nemi cutar.

Ko da laifin bai taɓa kowa ba, a kai rahotonsa ga hukumar da ta ba kamfanin izini, ba ga kamfanin kaɗai ba. Direba ɗaya idan yana da mummunar ɗabi'a, mota ɗaya yake tuƙawa, amma kuskuren manhaja yana cikin duk motocin kamfanin a lokaci guda. A ƙarshen 2025, bayan hukumomin makarantu a birnin Ostin na Teksas sun tattara bidiyon motocin Waymo suna wuce bas ɗin 'yan makaranta da ya tsaya yana sauke yara, kamfanin ya yi wa motoci sama da dubu 3 gyaran manhaja a hukumance. Rahoton ya ƙunshi rana da lokaci da sunan titi da lambar motar da hoto ko bidiyo idan akwai, kuma mai kai shi ya riƙe lambar karɓa da hukumar za ta ba shi.