Darasi: Maganin Ciyawa da Kifin Rafi

Manomi yakan gama feshi a fadama, ya gangara bakin rafi ya wanke injin feshinsa, ya zubar da ruwan a nan. Washegari idan bai ga mataccen kifi ba, sai ya ce ba komai. Alhali ɓarna ta riga ta shiga.

Jikin kifi cike yake da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. A cikinsu akwai sinadarin gado, wanda masana ke kira DNA. Shi ke sa tarwada ta haifi tarwada, karfasa ta haifi karfasa. Idan maganin ciyawa irin su glyphosate, paraquat ko atrazine ya shiga ruwa, yakan ratsa jikin kifi ta wurin numfashinsa da fatarsa, ya kakkarya wannan sinadari.

Ta yaya aka sani? Masu bincike sukan ajiye tarwada kwanaki cikin ruwan da aka ɗiga wa magani kaɗan, wanda bai kai ya kashe ta ba. Sai su ɗebi ɗigon jininta, su shafa a gilashi, su duba da madubin ƙara girma. A cikin ƙwayoyin jinin sukan ga ɗan gutsuren sinadarin gadon ya ɓalle ya koma gefe. Ga kifin yana iyo kamar lafiyarsa ƙalau. Jiki kan gyara wata ɓarnar idan ruwa ya koma mai tsabta, amma idan kullum ana ƙarawa, gyaran ba ya cimma ta. Ƙwai da ƙananan kifaye su suka fi shan wahala: wasu ba sa ƙyanƙyashewa, wasu su fito a naƙashe. Paraquat kuwa dafinsa ga ɗan Adam ma ba wasa ba ne. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007.

Saboda haka kada ku yi feshi idan hadari ya haɗu ko iska na kaɗawa. Ku bar ciyawar bakin ruwa, ita ke tare kwararar gona. Gorar magani kuwa, ku ɗauraye ta sau 3, ku juye ruwan cikin injin feshi, ku fesa a gona, sannan ku huda ta don kada yara su zuba ruwan sha.

Aikin aji: kowa ya kwafo sunan maganin da yake amfani da shi da ma'aunin da aka rubuta a jikin gorar. Za mu karanta su tare.